ROWLAND BINGHAM, MUTUMIN DA YA ƘI DAINA ROƘO

 In akwai waɗanda ba su iya karatu ba a gidanka, ka tara su da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu wannan 'yar takarda.

Mu masu bi na wannan gefe, wato Gidigir da Gure da ƙauyukan da ke kewaye, ba mu da yawa. Kowa ya san kowa. Kowa kuma ya san halin da muke ciki. Ran Lahadi ana ɗan taruwa, amma ranar addu'a ta tsakiyar mako sai ka iske tsofaffin mata biyu ko uku da fitila, maza suna kasuwa ko suna hira a bakin hanya. In aka tashi maganar farkawa, abin da ke zuwa mana a zuciya shi ne a aiko da mai wa'azi daga Maradi ko Damagaram, a ɗaura lasifika, a yi kwana uku ana waƙa. Ba laifi ba ne. Amma bayan mako biyu sai ka ga abin ya shanye kamar ruwan da aka zuba a tudun rairayi. Saboda haka nake so in ba ka labarin wani bawan Allah wanda ya roƙi abu ɗaya shekara da shekaru, ya binne abokansa, ya ga duhu ƙwarai, duk da haka bai daina ba.

An haifi Rowland Bingham a watan Disamba 1872, a wani gari da ake kira East Grinstead a ƙasar Ingila. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Yana shekara 13 ubansa ya rasu, uwarsa ta kama ɗan kanti don ta ciyar da yara. Yana shekara 15 ya ji bishara a bakin mutanen Rundunar Ceto, masu wa'azi a kan titi da ganga, ya tuba ya karɓi Yesu. Cikin kayan da ake sayarwa a kantin uwarsa akwai taba. Zuciyarsa ta ƙi yarda ya riƙa miƙa wa mutane ita. Ba a daɗe ba ya bar gida, ya haye teku zuwa Kanada, yana shekara 16.

A birnin Toronto ne, cikin 1893, ya gamu da wata dattijuwa, uwar wani saurayi mai suna Walter Gowans. Ka riƙe wannan mata a zuciyarka, gama in ka bi labarin nan har tushensa, a ɗakinta za ka tsaya. Ta gayyace shi gidanta cin abinci, ta zauna ta yi masa bayanin wata babbar ƙasa da Turawa a lokacin suke kira Sudan. Ba Sudan ta Hartum da kake ji a rediyo ba. Suna nufin dukan ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamada, daga kogin Kwara har kogin Nilu: Sakkwato, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir, Damagaram, Muniyo, Barno, duka suna ciki. Bisa ga lissafinsu mutum wajen miliyan 60 ne, ba mai bishara ko ɗaya da ke zaune a tsakiyarsu. Matar nan ba ta taɓa ganin rairayinmu ba, ba ta san sunan gero ba, amma ta daɗe tana kai ƙasarmu gaban Allah. Ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila yana neman ƙungiyar mishan da za ta aike shi, kowace ta ce a'a, wurin kabari ne.

Bingham ya bar gidan nan da nauyi a zuciya, ya kasa sauke shi. Ya komo ya faɗa mata zai bi ɗanta. Wani abokin Walter, Thomas Kent, mutumin Amurka, ya zama na uku. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba 1893. Bingham bai cika shekara 21 ba.

Ka tuna irin zamanin. A shekarar nan ce Rabe ya ci Barno. A shekarar nan yaƙin basasa ya tashi a Kano. A Damagaram kuwa Sarki Amadu Kuran Daga ne ya hau gado, Faransawa ba su ci ƙasar ba tukuna sai 1899. Ba mota, ba kwalta, hanyoyi cike da masu kamun bayi. Wani babban mai mishan da suka tarar a Ikko ya faɗa musu a fili cewa su ba za su ga ƙasar nan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai watakila jikokinsu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Ya binne mutane da yawa.

Kuɗinsu bai isa tafiya ba. Sai suka keɓe mako guda suna addu'a, suka sayar da abin da za su iya sayarwa na kayansu. Ana nan sai wasiƙa ta iso da kuɗi. Mafi yawansa daga hannun wata mai aikin gida ne, wadda ta sami ɗan gado ta aiko da shi. Da a nan labarin ya ƙare, da ya yi daɗin faɗa: sun roƙa, an ba su. Amma ba a nan ya ƙare ba.

Zazzaɓi ya kama Bingham ya kusa kashe shi. Aka shirya ya zauna a bakin teku yana karɓar saƙo yana aika musu da guzuri, su biyun kuwa su nausa arewa. Walter ya yi nisa ƙwarai, ya sha wahala a hannun mayaƙa masu kamun bayi, ciwo ya cinye jikinsa. Ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kusa da shi. Kent ya rasu a Bida a watan Disamba na shekarar. Shekara ɗaya, kabari biyu, ba mutum ɗaya da ya tuba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, da ɗan abin da ya ragu na kayan Walter. Ya tafi ya kai wa uwar. Ka sa kanka a matsayinsa: me za ka ce wa tsohuwar da ta ba da ɗanta? Amma ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa ta fi so ɗanta ya mutu can shi kaɗai cikin biyayya ga Ubangijinsa, da a ce yana zaune a gida lafiya cikin rashin biyayya. Ta kuwa ci gaba da addu'a saboda ƙasar da ta cinye mata ɗa, tana jawo waɗansu su yi tare da ita.

Shi Bingham bai sami wannan salama da sauri ba. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har gindinta. Ya ga alkawaran Allah a Littafi, ya dogara gare su, ga shi kuwa waɗanda suka fi kowa himma su ne aka fara ɗauka. Ya yi ta tambaya ko Littafin nan gaskiya ne. Na san akwai mai karanta takardar nan da ya san wannan wuri. Kun yi azumi, kun kira dattawa, kun kwana a durƙushe, da safe yaron ya cika. Ko ka yi shuka sau uku kana roƙon ruwa, hadari ya haɗu ya watse, maƙwabci yana tambayarka ina Allahn da ka bar hanyar iyayenka dominsa. Tun daga ranar kana zuwa sujada, amma bakinka kaɗai ke addu'a. Sanyin da ke cikin ikkilisiyoyinmu, da yawansa daga nan ya fito, ba daga lalaci kaɗai ba. Mutane sun ji ciwo, sun yi shiru, ba su faɗa wa kowa ba.

Abin da Bingham ya yi shi ne, bai rufe Littafin ba. Ya koma ya binciki alkawaran ɗaya ɗaya, ya ga inda shi da malamansa suka sa wa Allah maganar da bai faɗa ba. Ya koyi ɗan aikin likita a wani asibiti a Amurka, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa 'yar majalisa a Toronto don a sake gwadawa.

A 1900 ya komo Ikko tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kā da shi, aka ɗauke shi aka sa a jirgi zuwa gida. Samarin nan biyu suka karai, suka biyo shi a jirgi na gaba. Wannan faɗuwa ta fi ta fari ciwo, gama yanzu kunya ta haɗu da baƙin ciki. Ya ɗauki wannan lokaci a kan shi ne mafi duhu a dukan ransa. Shekara bakwai ke nan ana roƙo.

Buɗe Littafinka a 1 Sarakuna sura 18 ka karanta wa yara. Annabi Iliya yana bisa dutsen Karmel, ya sunkuyar da kai, ya aiki baransa ya dubo wajen teku. Baran ya komo, ba kome. Ya sake aikensa. Sau shida yana komowa hannu wofi, sai a na bakwai ya ga ɗan girgije ƙanƙane. Mu mutanen ƙasar fari mun san abin da ake nufi da duban gabas a ga sararin sama fes. Abin tambaya, wa zai sake aiken baran a karo na biyar da na shida? Mafi yawanmu a na biyu muke naɗe tabarma.

Bingham ya sake aikawa. A 1901 mutum huɗu suka tashi, a 1902 suka kafa tasha ta fari a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Shi kansa bai tafi tare da su ba, jikinsa ya riga ya nuna ba zai iya zama ƙasar ba. Wannan ma wani ƙasƙanci ne da ya haɗiye: mutumin da ya fi kowa marmarin ƙasar, sai daga nesa zai yi mata aiki, sai dai ziyara. Cikin huɗun nan ma ɗaya ya rasu, ciwo ya mai da biyu gida. Amma tashar ba ta rufe ba.

A 1902 ne kuma Likita Andrew Stirrett ya shigo aikin. Mai sayar da magani ne a Toronto, yana da abin hannunsa. Ya ba da dukiyarsa ga aikin, ya zo ya zauna cikin Hausawa har ya rasu a Jos a 1948. Yana cikin waɗanda suka yi wahalar juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932.

Bari in tsaya kaɗan a kan maganar magani, don tana kashe mana yara. Lokacin da su Walter suka mutu, ba wanda ya tabbatar da abin da ke kawo zazzaɓin nan. Sai a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar cutar. Da masu mishan suka fara shan kwinin kullum a kan kari, mutuwa ta ragu ƙwarai. Bingham ya taso cikin malamai masu koyar da cewa mai bangaskiya ta ainihi ba ya bukatar magani. Ya auna koyarwar nan da Littafi, ya auna ta da kaburburan da ya sani, ya rubuta littafi a 1921 yana nuna kuskurenta. Bai daina yi wa marasa lafiya addu'a ba ko kaɗan. Amma ya gane ƙwayar magani ma amsar addu'a ce. To, ɗan'uwa, in yaro ya yi zafin jiki da damina, ka yi addu'a kana ɗaura wa jaki sirdi, ka kai shi gidan likita tun bai fara sanƙarewa ba. Gidan sauron da aka raba muku kuma, na kwana ne, ba na rufe shukar lambu ba.

Ƙungiyar da ta fito daga wannan wahala ita ce Sudan Interior Mission, wadda kowa ya sani da SIM. Taken da ta ɗauka gajere ne, ma'anarsa ita ce ta wurin addu'a ake yin kome. Ba ado ba ne a kan takarda. Sun ɗaure kansu da ka'ida cewa ba za su ci bashi ba. Kuɗin da ya shigo a haɗa a raba, wanda yake da abokai masu arziki da wanda ba shi da kowa su ci daidai. In wata ya zo da kaɗan, kowa ya ɗaure ciki, a koma a durƙusa. Ni a ganina nan ne asirin yake. Mutumin da ya bar wa kansa ƙofar baya ba ya roƙo da dukan zuciya. Ban ce Bingham mala'ika ba ne, ban kuma ce duk abin da Turawan mishan suka yi daidai ne ba. Mutane ne, suna da taurin kai irin na mutane. Amma sun san inda ake durƙusawa.

Aikin ya yi ta tafiya a hankali kamar raƙumi da kayan kanwa. A 1924 aka shigo ƙasarmu, aka zauna Damagaram. Bayan 'yan shekaru aka buɗe Tsibiri ta Gobir. A 1933 aka sami izinin zama Kano. Ka lissafta: shekara 40 daga ranar da aka ce musu sai jikokinsu, ga shi Bingham yana da rai, da idonsa ya ga abin. Asibitin Galmi, inda da yawa cikinmu suka kai marasa lafiyarsu, an buɗe shi a 1950, bayan rasuwarsa.

Amma farkawa irin wadda muke ƙishi, a ƙasar Habasha ta fi bayyana, ta hanyar da ba wanda ya zata. SIM ta shiga Habasha a 1927. A ƙasar Walaita, a kudu, an yi shekaru ana wa'azi, masu bi ba su wuce a ƙirga su da suna ba. Sai Italiya ta kawo yaƙi ta ci ƙasar, a 1937 aka fitar da masu mishan. Sun bar masu bi 48 da aka yi wa baftisma. Ba su da cikakken Littafi cikin harshensu, sai Bisharar Markus da 'yan ayoyi. Ba fasto mai takardar makaranta, ba kuɗi daga waje. Masu mishan sun tafi suna kuka, suna ganin kamar an bar jariri a daji. Abin da ya rage musu, su da Bingham da masu goyon bayansu, addu'a ce kaɗai, ko wasiƙa ba ta wucewa.

Masu bi na Walaita suka sha tsanani. An kama shugabanninsu, an yi musu bulala, an kulle su. Wani mai bishara mai suna Wandaro ya sha dūka a bainar jama'a, ya ƙi yin shiru. Waɗanda ke waje suka riƙa dafa abinci suna kai wa na kurkuku, har waɗanda ba masu bi ba suna ci. Manoma ne kamarka. Suna taruwa da dare a ɗakunansu, suna addu'a, wanda ya san aya ɗaya ya koya wa wanda bai sani ba, da gari ya waye su tafi ƙauye na gaba. Aka kori Italiyawa a 1941. Da masu mishan suka fara komowa, suka iske masu bi fiye da 10,000.

Ka dubi abin da babu a wurin: babu baƙo mai wa'azi, babu lasifika, babu mota. Duk abin da muke cewa rashinsa ne ya hana mu, su ma ba su da shi. Mutum 48 kuwa, in aka tara masu bi na 'yan ƙauyuka kaɗan a nan, za a kai. A Ayyukan Manzanni sura 1 ma, mutum wajen 120 ne suke ɗaki guda suna addu'a da zuciya ɗaya, maza da mata, kafin Ruhu Mai Tsarki ya sauko a sura 2. Zuciya ɗaya ɗin nan ita ce mai wuya. Ba za ka durƙusa kusa da mutumin da kuke gaba saboda iyakar gona, ko saboda akuyar da ta shiga wake shekara uku da suka wuce, ka ce kuna roƙon farkawa ba. Je ka wurinsa tukuna. In ka ci kuɗin baiko, ka mayar. In kana da laya a ƙarƙashin riga ko a wuyan jariri, kai ka san abin da ya kamata. Sa'an nan ka tara gidanka kowane dare, ko da minti goma ne, ku karanta 'yan ayoyi, ku ambaci mutane da sunansu: ɗanku da ya tafi ci-rani Libiya ko Kano, maƙwabcin da bai san Ubangiji ba, mai gari, fasto. Kada ka bar wa mata wannan aiki su kaɗai, ko da yake, in gaskiya za a faɗa, su ne suka riƙe shi har yau, kamar yadda uwar Walter ta riƙe.

Bingham ya yi sauran ransa a Toronto yana rubutu, yana buga jarida ta masu bi, yana yawo yana kiran samari zuwa aikin, yana tara mutane su yi addu'a. Ya kafa gida a Kanada don 'ya'yan masu mishan, ya kafa wurin taron shekara shekara inda masu bi ke zuwa neman sabuntawar ruhu. Ya ziyarci Afirka sau da dama. Da tsufa ya zo, ya rubuta tarihin aikin, ya kasa shekarun bakwai bakwai, bakwai na fari kuwa bai ɓoye cewa mutuwa ce da faɗuwa ba. Ya rasu ran 8 ga Disamba 1942, saura kwana kaɗan ya cika shekara 70, saura shekara ɗaya aikin ya cika 50. Littafin ya fito a 1943.

Ikkilisiyoyin da suka tsiro daga aikin nan a Nijeriya suka haɗu suka zama ECWA a 1954, namu na Nijar kuma suka tsaya da ƙafarsu wajen lokacin samun mulkin kai. Akwai jami'a a Karu kusa da Abuja da asibiti a Jos masu ɗauke da sunan Bingham, akwai makaranta a Miango mai sunan Kent. Kabarin Walter Gowans kuwa yana nan a Girku.